Injin huda mai kwana: me ke kashe shi, kuma yaushe ya cancanci gyara?

Akwai muhawarar da ba ta ƙarewa tsakanin kafintoci, masu walda da masu wayarin. Idan mutum ya tashi sayen injin huda, musamman irin mai kwana da ake jonawa da wuta, tsohon na hannu da aka shigo da shi daga Turai ko Amurka zai ɗauka, ko sabo dal a kwali? Wasu na rantsuwa cewa kayan da sun fi ƙarko, na yanzu kuwa da gangan ake ƙera su don su mutu. Wasu na cewa zamanin waya ya wuce, mai batir ne abin yayi. Wani kuma ya sayi tsohon da ake yabo, ya jona shi, ko minti ɗaya bai yi ba ya tashi da hayaƙi. To ina gaskiyar take?

Wane inji ake nufi?

Diril ɗin da aka saba gani miƙaƙƙe ne, motar lantarkin da ke juya shi a baya, bakin huda a gaba, duk a layi ɗaya. Shi kuwa mai kwana kansa a lanƙwashe yake, bakin ya kalli gefe, ya yi kusurwa da jikin injin. Amfanin wannan shi ne ya shiga lungun da miƙaƙƙen ba zai shiga ba: cikin kabad, tsakanin katakon rufi, ƙarƙashin mota, bayan ƙarfen da aka riga aka yi wa walda.

Iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya na cikin abin da ke rikita masu saye. Akwai ƙarami da ake riƙewa da hannu ɗaya, bakinsa na ɗaukar abin huda har milimita 10, irin Makita DA3010F. Akwai kuma babba mai nauyin kilo 5 zuwa 7, bakinsa rabin inci, wato milimita 13, wanda sai da hannu biyu da mariƙin gefe. A wannan rukuni ake samun Hole Hawg na kamfanin Milwaukee, da DeWalt DW124, da Makita DA4031.

Asalin babban daga Amurka yake, kuma tsarin gininsu ne ya haife shi. A can yawancin gidaje da katako ake tayar da su, ana jera ginshiƙai inci 16 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, abin da ke barin fili kusan inci 14 da rabi. Mai aikin famfo ko wayarin dole ya huda waɗannan katakai ɗaya bayan ɗaya don bututu ya wuce, kuma miƙaƙƙen diril da dogon baki ba zai shiga tsakani ba. Milwaukee ya fitar da nasa mai kwana a 1949, sannan Hole Hawg a 1970. Mu nan da bulo muke gini, shi ya sa injin bai yi yawa a hannun mutane ba. Wannan kuma yana da muhimmanci: katako da ƙarfe aka yi shi ya huda. Ba ya duka kamar injin fasa kankare. Duk wanda ya kafa shi a dakali ko ginshiƙin siminti yana dannawa, yana cinye giyarsa ne a banza.

Abin da ke cikin cikinsa

Idan aka kwance shi, ba wani abin tsoro ba ne. Akwai amecha, wato sandar da ke juyawa a tsakiya, naɗe da wayar tagulla. Akwai koyil na gefe da ke kewaye da ita. A gindin amecha akwai wani zobe na ƙananan fallayen tagulla, kuma a kansa ne kabon guda biyu ke gogawa suna kai wuta. Sai fanka ƙarama da ke jikin sandar, sai boris, sai makunni, sai waya. A gaba kuma akwai gidan giya cike da giris.

Motar irin wannan tana gudu sosai, tana kai juyi dubu 20 a minti ko fiye. Amma bakin Hole Hawg juyi 300 yake yi a ƙaramar giya, 1,200 a babba. Giyoyin ne ke rage wannan gudu su mayar da shi ƙarfi, sannan su karkatar da shi gefe. A yawancin irin waɗannan injuna, giya biyu masu haƙora a karkace ne ke haɗuwa a kwanar. A nan nauyin aikin ke taruwa, a nan kuma ake gane inji na kirki.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, sassan da aka san za su cinye, wato kabon, boris, waya, makunni da giris, duk masu arha ne kuma ana sauya su. Masu tsadar, amecha da giya, ba kasafai suke mutuwa da kansu ba. Yawanci sakaci da masu arhar ne ke jawo mutuwarsu.

Wuta ce babbar mai kisa

Wutar gida a Najeriya volt 230 ce, a Nijar 220. A Amurka da Kanada 120 ce, a Japan 100. Har a Ingila, inda wutar gida take kamar tamu, injunan wuraren gini da yawa na volt 110 ne, ana gane su da fulogi mai launin rawaya. Ka ga ke nan ba kowane na hannu daga Turai ne ya dace da soket ɗinmu ba. Matsalar ita ce sau da yawa kafin injin ya iso hannun mai saye an riga an yanke fulogin asali an sa irin namu, takardar jikinsa kuma ta goge ko ta yage. Aka jona injin volt 120 a wutar 230, zai yi wani irin ihu, ya yi gudun da ba a gina shi don shi ba, tartsatsi ya cika gindin amecha, fentin da ke rufe wayar koyil ya narke. Wani lokaci daƙiƙu kaɗan sun isa. Daga nan sai a ce ai Milwaukee ɗin ma ba shi da ƙarko, alhali ba a ba shi damar nuna ƙarkon ba.

Maganin sananne ne, taransifomar da ke rage wuta. Amma a nan ma ana kuskure. Hole Hawg na jan amp 7.5 a volt 120, wato wat 900. Babban wansa Super Hawg na jan amp 13, fiye da wat 1,500. Ƙaramar taransifomar rediyo ko ta injin aski ba za ta ɗauke su ba. Ana buƙatar wadda ƙarfinta ya zarce na injin da rata mai kyau, domin lokacin tashi da lokacin da baki ya cije yana jan wuta fiye da abin da aka rubuta. Bambancin 50 da 60 Hz da ake rubutawa kusa da volt kuwa, wato yawan jujjuyawar wuta a daƙiƙa, ba ya damun irin wannan mota mai kabon sosai.

Ƙarancin wuta ma yana kisa, sai dai a hankali. Idan wutar ta zo ba ƙarfi, ko an jona injin da ƙaramin janareta, ko an ja doguwar waya siririya daga gidan maƙwabci zuwa wurin aiki, motar sai ta rage gudu. Fankar da ke sanyaya ta a jikin sandar take, don haka ita ma ta rage iska. Mai aiki ya ga huda ba ta ci, sai ya ƙara dannawa. Wuta na shiga koyil, iska ba ta fita da zafin. Injin ba zai mutu ranar ba, amma kullum fentin wayar na ƙara gasuwa, har ranar da zai saki. Idan jikin injin ya yi zafin da tafin hannu ba ya iya daɗewa a kai, a zare bakin daga ramin a bar shi ya yi gudu haka nan na ɗan lokaci. Ya fi saurin hucewa da fankarsa a kan a kashe shi a ajiye.

Ƙura, kabon da giris

Injin nan iska yake zuƙa ta ramukan bayansa. A lokacin hunturu, ko a shagon kafinta, ko kusa da mai gurza ƙarfe, abin da yake zuƙa ƙura ce da dusar katako da garin ƙarfe. Suna toshe hanyar iska, suna cin boris, garin ƙarfen kuma na iya haɗa wuta inda bai kamata ba. Hura shi da iskar mai faci lokaci-lokaci na ƙara masa kwana ƙwarai.

Kabon an yi shi ne don ya cinye. Matsalar tana zuwa idan ya ƙare ba a lura ba, sifirin da ke tura shi ya fara gogar tagullar amecha yana karce ta. Alamun a bayyane suke: injin na yankewa yana dawowa, sai an bubbuga shi kafin ya tashi, ko tartsatsi ya ƙaru. Wasu kamfanoni na yin kabon da ke yanke wuta da kansa idan ya kusa ƙarewa, kuma mutane da yawa sun jefar da lafiyayyen inji saboda wannan, suna zaton ya ƙone. Ana sauya kabon biyun tare, ba ɗaya ba. Sannan ba kowane baƙin dutse ne zai yi ba. Na ga ana ɗauko kabon ɗin janareta ko na wani inji a goge shi da sanfefa har ya shiga ramin. Zai yi aiki, amma idan ya fi na asali tauri, tagullar amecha yake ci maimakon shi ya cinye. An tsira da kuɗi kaɗan, an sayar da abu mafi tsada a injin.

Girisin gidan giya kuma yana bushewa, ko ya koma gefe ya bar haƙoran suna cin juna. Tsohon inji da ya shekara goma a ajiye a wani gareji a Amurka kafin ya iso Legas, girisinsa ya zama kamar sabulu. Kafin a sa shi aiki ya kamata a buɗe, a wanke, a zuba sabo, ba tare da an cika gidan maƙil ba, don cikawar ma zafi take kawowa. Abu biyu kuma ke fasa haƙori nan take: sauya giya daga ƙarama zuwa babba injin na tsakiyar gudu, da mayar da shi baya kafin ya tsaya.

Shin da gangan ake yin na yanzu don su lalace?

Masu wannan zargi ba daga iska suka ɗauko shi ba. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki na duniya sun haɗa kai a ƙungiyar da aka sani da Phoebus, suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000. An taɓa yi, don haka ba laifi ba ne a yi zato.

Amma a ganina, abin da ke faruwa da injin huda ya fi kama da tseren arha. Mai son ya sayar da inji a rabin kuɗin na abokin gasarsa, dole ya rage wani abu. Sai ya sa wayar alminiyam da aka shafa wa tagulla a koyil, ya sa zoben ƙarfe a inda ya kamata a sa boris, ya zaunar da giya a cikin roba maimakon gidan ƙarfe, giyar kanta ya yi ta da ƙarfen da bai sha wuta yadda ya kamata ba. A ido duk ɗaya suke, har launin da tambarin ana kwaikwaya. Jabun kayan aiki masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni sun cika kasuwanninmu, duk da cewa hukumar SON mai kula da ingancin kaya a Najeriya na da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su. Inda aka ƙera inji ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Milwaukee kansa tun 2005 mallakar kamfanin Techtronic na Hong Kong ne, kuma manyan kamfanoni da yawa na ƙera nagartattun kayansu a Sin.

Akwai kuma abin da masu yabon kayan da ke mantawa. Tsoffin da suka iso mana su ne waɗanda suka tsira. Marasa ƙarkon zamaninsu tuni aka narkar da su, ba mu gan su ba. Kuma tsufa na zuwa da nasa haɗarin. Tsohon inji mai jikin ƙarfe gaba ɗaya yana dogara ne da waya ta uku, wadda ke kai wuta ƙasa idan ta zube a jikinsa. Gidaje da shaguna nawa ne a garuruwanmu ke da wannan wayar tana aiki? Inji mai alamar murabba'i cikin murabba'i a takardarsa yana da rufi biyu, ba ya buƙatar ta. Ga wanda ke aiki a kan rufin kwano ko a ƙasa mai danshi, wannan alamar ta fi sunan kamfani daraja.

Sai maganar murɗe hannu. Babban injin nan a ƙaramar giya yana iya juya bakin da ya fi inci 4 faɗi a cikin katako. Idan bakin ya ci karo da ƙusa ya tsaya cak, jikin injin ne ke juyawa, da hannun mai riƙe da shi. Yana gurɗa wuyan hannu, yana jefo mutum daga tsani. Tsohon Hole Hawg ba shi da kulocin da ke saki idan haka ta faru, amma Super Hawg da Makita DA4031 suna da shi a ƙaramar giya. A wannan fanni sababbin sun fi, kuma ban ga dalilin ɓoye hakan ba. Wanda ke da tsohon, ya jingina mariƙin gefe da katako ko bango ta yadda idan ya fizga, ginin ne zai tare shi.

Mai waya da mai batir

Ba za a raina mai batir ba a ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Mai sa sola da ke kan rufi, ko kafintan da ke aiki a ƙauyen da babu turken wuta, ya san darajarsa. Sababbin da yawa ma ba su da kabon, don haka babu kabon da zai goge.

Inda suka bambanta shi ne ranar lalacewa. Motar da ba ta da kabon, allon lantarki ne ke tafiyar da ita, kuma yawanci a daskare yake cikin wani baƙin danƙo, haɗe da makunni. Idan ya ƙone, sai dai a sauya shi ɗungurungum, in an samu. Batirin litiyam kuma yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi, zafin Sakkwato ko Maiduguri na ƙara gaggauta masa, kuma yawanci batirin wannan kamfani ba ya shiga injin wancan. Mai waya ba shi da abin da ke tsufa a ajiye sai giris da robar waya. Shi ya sa inji mai shekara talatin ke iya dawowa aiki a hannun mai riwaya, wato mai sake naɗin koyil, da awon wuta da sukundireba.

Dokar 'yancin gyara ba ta kai nan ba

Ana yawan jin labarin cewa Turai ta tilasta wa kamfanoni su riƙa gyara kayansu. Haka ne, amma da iyaka. Faransa ta fara liƙa makin sauƙin gyara a jikin wasu kaya a Janairun 2021, irin su wayar hannu, kwamfutar cinya, talabijin, injin wanki da injin yankan ciyawa. Tarayyar Turai ta zartar da dokar 'yancin gyara a 2024, ƙasashe kuma su fara aiki da ita zuwa ƙarshen Yulin 2026. Jerin kayan da ta shafa ya haɗa da firiji, injin wanki, wayar hannu, har da injin walda. Injin huda ba ya ciki. Abin da ke taimakonsa shi ne tsohuwar al'adar manyan kamfanonin kayan aiki ta wallafa zanen kowane inji a warware, kowane sashe da lambarsa. Da lambar samfurin da ke jikin injin ana samun zanen a intanet, a nuna wa mai kaya ainihin abin da ake nema.

A nan gida, gyara bai taɓa jiran doka ba. Masu riwaya na Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, da na Panteka a Kaduna, su ne ke riƙe da wannan sana'a. Abin da suke rasa shi ne kayan gyara na asali.

Yaushe gyara ke biyan kuɗinsa?

Waya, makunni, kabon da giris, a gyara ba tare da dogon tunani ba. Wayar ma a fara duba ta, don yawanci a daidai inda ta shiga jikin injin take karyewa ta ciki, robar waje na nan lafiya. Boris ma haka, domin lambobinsa na duniya ne. Lamba irin 608 ko 6201 da ke rubuce a gefensa, duk mai sayar da boris ya san ta, ba sai na kamfanin injin ba. Bakin da ke riƙe abin huda shi ma ana sauya shi. A injuna da yawa akwai sukuru a can cikinsa da ke kwancewa ta hannun dama, saɓanin yadda aka saba, kuma rashin sanin haka ya sa an lalata da yawa.

Koyil na gefe yana naɗuwa cikin sauƙi. Amecha ce mai wuya. Abin da ke juyi dubu 20 a minti, idan naɗin ya fi nauyi a gefe ɗaya ko da kaɗan, zai riƙa rawa yana cin boris da kabon. Gwanin mai riwaya zai ƙirga naɗin asali, ya sa waya mai kauri ɗaya da ta da, ya shafa fenti ya gasa. Wanda bai ƙware ba zai ba ka injin da ke tashi a shago ya mutu a wurin aiki. Idan ana samun sabuwar amecha ta asali, ta fi naɗi. A lura kuma, a injuna da yawa ƙaramar giyar farko a jikin sandar amecha aka sassaƙa ta, don haka idan haƙoranta suka cinye, amechar duka ta tafi ko da koyil ɗinta lafiya lau.

Giyar kwana idan ta fashe, sai a tambayi ko ana samun irinta kafin a kashe ko sisi a kan sauran sassan. Ana sauya su biyun tare, don sabuwa ba ta zama daidai da tsohuwar da ta riga ta goge. Idan injin na babban kamfani ne, neman ya cancanta, ko da daga jikin wani mataccen irinsa za a ciro. Idan kuwa marar suna ne mai gidan roba, amecha da giya suka tafi tare, kuɗin gyaran zai kusa na sabo.

Mai sayen na hannu ya nemi takardar jikin injin ya karanta volt da idonsa, in babu takarda a gwada shi ta taransifoma tukuna. Ya kama bakin ya girgiza gefe da gefe, in yana wasa boris ya tafi. Ya shinshina ramukan iska, ƙonannen koyil ba ya ɓoye warinsa. Ya sa a tayar da shi a giya biyun, gaba da baya, yana leƙen gindin amecha: ɗan tartsatsi shuɗi a bakin kabon ba komai ba ne, amma wutar da ke zagaye zoben gaba ɗaya alamar amecha ce mai ciwo. Sannan kafin ya biya, ya ɗauki lambar samfurin ya zaga layin masu kayan gyara ya tambaya ko suna da kabon da amecharsa.